Barde: Matakin Farko na Jarumtaka a Daura

Muna aji uku malamin tarihi ya tambaye mu ma'anar laƙabin "Sa" da Sarauniyar Ingila ta ba Sardauna Ahmadu Bello a 1959. Muka yi tsit. Ya ce asalinsa mayaƙin doki ne, wato barde.

A Daura a da, sarki kan ba barde doki da sulke, shi kuwa ya sayar da ransa. Jagoransu Kaura ne, wanda aka ce shi ya iya kusantar macijiyar Kusugu bayan Bayajida ya sare ta.

Zuwan Turawa ya kashe yaƙi, barade suka koma hawan salla. To, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda aka naɗa cikinmu, mu tambaye shi: me ya sadaukar domin Daura?