Daga Akumari Zuwa Sifirin: Kaya da Hanya a Ƙasar Gwanja

Masu sha'awar tsofaffin motoci a Turai kan sanya gajeren sifirin domin mota ta kwanta ƙasa, ta yi kyan gani, ta riƙe kwana a kan kwalta. A hanyoyin Salaga, Yendi da Bawku, akasin haka aka riƙa yi, kuma dalilin ya girmi motar kanta.

A ƙarni na 19, ayarin fatake daga Kano da Katsina kan ratsa Yendi zuwa Salaga sayen goro. Kafin a aza wa jaki kaya, sai an daidaita masa akumari, an raba nauyi dama da hagu, domin jakin da bayansa ya yi miki ba ya kai goro gida. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa watsa fatakenta. Daga shekarun 1920, motocin ɗaukar kaya suka fara bin hanyar Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga. Sifirin ya gaji aikin akumari.

Sifirin ɗin babbar mota, irin Bedford mai bodin katako, fallayen ƙarfe ne da aka jera bisa juna. Mai jigilar doya daga Yendi ko albasa daga Bawku yakan sa makaniki ya ƙara falle ɗaya ko biyu, a kuma ƙara wa ƙarfen lanƙwasa domin gindin mota ya ɗaga, kada ya daki ƙasa a gargada. Fijo 504 doguwa kuwa, sifirin mai murɗi bibbiyu aka yi mata a kowane gefe na baya, shi ya sa direbobin tasha suka amince da ita.

Amma ƙwararrun makanikai sun san iyaka. Sifirin mai laushi yakan zauna a ƙarƙashin lodi har ya karye. Mai tauri fiye da kima kuma, idan mota ba kaya, tayoyi kan riƙa tsalle su saki ƙasa, sasi ya tsage, fasinja su sha jijjiga. Ƙarin falle kuwa ba ya ƙara wa birki ƙarfi, abin da direba mai kwaɗayin lodi kan gano a gangaren Nakpanduri, lokacin da nadama ba ta da amfani.

Daidai ruwa, daidai tsaki. Madugai sun riga mu sanin haka. Allah ya tsare matafiya.