Tarihin gano sirrin hancin ɓera

Duk manomin da ke da rumbun gero a Illela, ko ɗakin ajiye albasa a Galmi cikin gundumar Malbaza, ya san ɓera, wanda mutanen Ƙonni da Adar ke kira kusu. Cikin duhu yake zuwa, kuma ba ya ɓatan hanya. Masana sun shafe kusan shekara 200 suna neman sanin abin da ke masa jagora, kuma labarin ya cancanci shiga aji.

A 1813 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Ludwig Jacobson, ya bayyana wata ƙaramar gaɓa da ke ɓoye a ƙasan hancin dabbobi. An daɗe ba a san aikinta ba. Sai a 1959 Hilda Bruce, a Landan, ta lura cewa ɓera mace da ta ɗauki ciki kwanan nan, idan ta shaƙi warin baƙon namiji, cikin yakan zube. A shekarar ce kuma Peter Karlson da Martin Lüscher suka ƙirƙiro kalmar feromon, wato sinadarin da dabba ke fitarwa ya zama saƙo ga ƴan'uwanta. Daga baya aka tabbatar cewa gaɓar Jacobson ce ke karɓar irin wannan saƙo daga fitsari, ta miƙa shi zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro, faɗa da barbara.

Saura babban hancin. A 1991 Linda Buck da Richard Axel na jami'ar Columbia a Amurka suka gano ƙwayoyin gado masu samar da na'urorin kama ƙamshi da wari. Ɓera yana da irinsu kusan 1,000, mutum kuwa kimanin 400. Kowace jijiyar hanci iri ɗaya tak take ɗauke da shi, kuma jijiyoyi masu iri ɗaya suna haɗuwa wuri guda a gaban ƙwaƙwalwa. Wari ɗaya yakan taɓa wurare da dama, sai ƙwaƙwalwa ta karanta haɗin kamar yadda haruffa ke haɗuwa su ba da kalma. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 2004.

A 2007 masana a jami'ar Tokyo suka kashe wani sashe na wannan hanya a wasu ɓeraye, sai ga su ba sa gudun warin kyanwa. Ashe da tsoron mage ake haihuwar ɓera. Ajiye kyanwa kusa da hatsi, kamar yadda kakanni suka saba, yana da tushe.

Wasu kuma sun mayar da wannan hanci abin amfani. Ƙungiyar APOPO, da aka kafa a 1997 a Beljiyam, tana horar da gafiya a Morogoro ta Tanzaniya don gano nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka a cikin majina. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da 100 a Kambodiya kafin ya mutu a 2022.

Iyaye, ga abin lura. Ɓera yana barin fitsari a inda ya bi, ƴan'uwansa su bi sawun. Wannan fitsarin ne kuma ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta hanyar wani nau'in ɓera. Don haka a rufe abinci, a toshe ramuka, a wanke wurin da ya bi da sabulu, a kuma nisanta maganin ɓera daga hannun yara.

Malamai kuma, darasin kimiyya yana nan a gindin rumbu. Ku tambayi ɗalibai yadda kusu ke gane buhun gyaɗa cikin dare, sannan ku ba su labarin Bruce da Buck, mata biyu da bincikensu ya taimaka wajen samun amsar.