Dashen Ƙoda a Arewa da Hanyoyin Duba Lafiyarta

Dashen ƙoda, wato ɗauko lafiyayyar ƙoda daga jikin wani a sanya wa wanda nasa suka daina aiki, ya fara yin nasara a birnin Boston na Amurka a 1954, lokacin da Joseph Murray ya yi aikin tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda garkuwar jikin ɗayansu ba ta ɗaukar naman ɗan'uwansa a matsayin baƙo. A Nijeriya, asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, sannan na Jami'ar Maiduguri a 2010.

Sai dai aikin tiyata shi ne ƙaramin ɓangare, domin jiki kan juya wa sabuwar ƙodar baya a ɓoye, ba zafi ba alama. Shekaru da dama likitoci sun dogara ga gwajin jini na kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa, wanda ba ya hauhawa sai ɓarna ta yi nisa; idan ya hau, sai a soka doguwar allura a ƙasan mara, inda aka dasa ƙodar, a gutsuro ɗan nama a duba, tare da haɗarin zubar jini.

Wata hanyar duba ƙodar kuma ta samo asali ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Denis Le Bihan na Faransa ya nuna cewa na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI za ta iya auna yadda ƙwayoyin ruwa ke yawo cikin nama, kuma daga baya aka lura cewa yawon nan yana raguwa a ƙodar da ta kumbura ko ta yi tabo. Babbar fa'idar wannan hoton ita ce ba a buƙatar allurar gadoliniyam, sinadarin haskaka hoto wanda a 2006 aka gano yana cutar da masu raunin ƙoda, ko da yake hoton bai kai ga maye gurbin gutsuro naman ba tukuna.

Ga majinyaci daga Malkohi, kusa da Yola, nauyin yana kan abin da ke biyo bayan sallama: magungunan danne garkuwa da zai sha safe da yamma muddin ƙodar na jikinsa, da kuɗin gwaji, da doguwar tafiyar mota daga tashar Jimeta zuwa Maiduguri ko Kano duk lokacin da sakamakon jini ya sauya.