Kalmar "very" ta Ingilishi: me take nufi, yaya ake aiki da ita?

Jama'ar Gugaram da Arlit da Akokan, da ƴan uwanmu na ci-rani, kalmarmu ta yau ita ce "very". Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, yana da kyau mu san irin waɗannan ƙananan kalmomi.

Ma'anarta ita ce "sosai" ko "ƙwarai". Da Faransanci "très", da Tamajak "wullen". Aikinta ƙara wa magana ƙarfi. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, daga kalmar da ta zama "vrai", wato gaskiya. Kun ga ke nan kamar yadda mu ma muke cewa "babba da gaske".

Wurin zamanta daban yake da namu. Mu a ƙarshe muke sa "sosai", su kuwa a gaba suke sa "very". "Very hot" shi ne "da zafi sosai". Ba ta bin aikatau ita kaɗai, sai an haɗa ta da "much". Shi ya sa "na gode sosai" yake zama "thank you very much".

To, ga inda ake tuntuɓe. Akwai wata kalma, "too", wadda Faransanci ke ce wa "trop". Ita ba "sosai" take nufi ba, tana nufin abu ya wuce kima. Rijiyar da aka ce "very deep", tana da zurfi sosai, amma ana iya jan ruwa. In an ce "too deep", zurfin ya yi yawa, igiyar guga ba ta kaiwa. Shayi "very sweet" yabo ne ga mai dafawa. "Too sweet" kuwa, sukari ya ɓata shi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin da ake haƙar iraniyom tun 1971. Ko bayan rufe ma'adinin Kominak a 2021, maganar awon ruwa da ƙura da lafiyar tsofaffin ma'aikata ba ta ƙare ba. In takardar awo ko ta likita ta ce "too high" ko "trop élevé", nufinta adadin ya haura iyakar da aka yarda da ita. Duk wanda ya fassara wa dattijo da "yana da yawa sosai" ya rage wa maganar nauyi. A ce masa "ya wuce ƙa'ida", kuma a koma wajen likita.

A bakin matasa "trop" ta zama kalmar yabo, a hira ba laifi. Amma in kuna karanta wa iyaye takarda ko saƙon WhatsApp, ku dakata ku duba: "sosai" aka ce, ko "ya yi yawa"? Allah Ya ƙara mana fahimta.