Abinci da Lafiyar Ƙafa a Kajin Nama

Kajin nama, waɗanda masu kiwo ke kira buroila, kaji ne da aka tace irinsu domin saurin yin tsoka. Irin su Cobb 500 da Ross 308 kan haura kilo 2 cikin mako 6. Wani bincike na Jami'ar Alberta a Kanada, wanda aka buga a 2014, ya nuna kazar 1957 tana kai giram 905 a kwana 56, ta 2005 kuwa giram 4,202. Tsoka ta riga ƙashi girma, shi ya sa ciwon ƙafa ya zama babbar matsalar wannan kiwo. Kazar da ta gurgunce ba ta isa wurin ci da sha, sai ta tsumbure.

Ginshiƙin ƙashi shi ne kalshiyam da fosfaras. Abincin 'yan tsaki na buƙatar kalshiyam kusan kashi 1 cikin 100, fosfaras ɗin da jiki ke iya sha kuma rabin haka. Daidaiton ya fi yawan muhimmanci, domin idan kalshiyam ya yi yawa yakan hana fosfaras shiga jiki. Saboda haka ba a ba 'yan tsaki abincin kajin ƙwai, wanda kalshiyam ɗinsa ya kai kashi 4: yana ɓata ƙoda, ba ya kuma gyara ƙafa. Masara da waken soya suna da fosfaras, amma kusan kashi biyu cikin uku nasa a ɗaure yake, kaza ba ta amfana da shi sai an zuba sinadarin fitas a abincin, ko a cike gurbin da garin ƙashi. Kalshiyam da fosfaras kuwa ba su zama ƙashi sai da bitamin D3. Idan ya yi ƙaranci, ƙashi da baki sukan yi laushi har a lanƙwasa su da yatsa, ɗan tsako ya riƙa zama a kan gwiwa.

Ƙarancin manganis ko kolin yakan sa jijiyar gwiwa ta goce, ƙafar ta karkace waje, kuma ba ta komawa. Na bitamin B2 yakan nannaɗe yatsu ciki.

Gishiri ko furotin da ya wuce kima yana kawo zawo, shimfiɗar ɗaki ta jiƙe, tafin ƙafa ya yi gyambo. Masu haɗa abinci da kansu a ƙasar Hausa suna da ƙarin abin lura: masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna na ɗauke da dafin aflatoksin, wanda ke taɓa hanta ya raunana ƙashi, sannan zafin rumbu yana rage ƙarfin bitamin ɗin da aka daɗe da ajiyewa.

Ƙashin kaza ya fi saurin ginuwa a mako biyun farko. Abin da aka tauye mata a lokacin, da wuya abincin baya ya rama shi.