Daga Paris zuwa Zariya cikin minti biyar

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, a gyara zama. Ina koyar da darasin al'adu da fasaha a ƙaramar sakandare a kudancin Kano, yankinmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Yau tarihin zane nake so mu taɓa, da yadda minti biyar na farkon darasi ke shigar da shi kan yaro fiye da awa guda ta kwafar allo.

2/ Duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya san yadda ake yi. Malam ya rubuta sunayen Turawa, Monet da Picasso da sauransu, a kwafa, a haddace, a zuba a jarrabawa, shi ke nan. Yaro ya gama aji uku bai taɓa ganin zanen ɗayansu ba, bai kuma san me ya sa aka yi rigima a kansu ba. Alhali duk wani salon zane da ya yi suna, rigima ce ta haife shi: wasu matasa ne suka ce wa malamansu mun gaji da yadda kuke yi.

3/ Ni abin da nake yi, kafin na faɗi sunan kowa, sai na sa hannun yara ya yi irin abin da mutumin ya yi. Minti biyar, da biro ko gawayi, a bayan tsohuwar takardar jarrabawa. Ɗumama hannu nake ce masa, kamar yadda 'yan ƙwallo ke zagaye fili kafin a busa usur.

4/ Ba ni na ƙago ba fa. A 1919 aka buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus. Wani malaminta ɗan Suwizalan, Johannes Itten, shi ke riƙe da ajin sababbin shiga, kuma yakan fara darasi da motsa jiki da jan numfashi, sannan a yi ta jan layi da sauri har hannu ya saki. 'Yan Nazi sun tilasta rufe makarantar a 1933, malamanta suka watsu, wasu zuwa Amurka, tsarin ajin share fagen nan ya bi su ya shiga makarantun zane na duniya.

5/ To, na farko da nake yi. In ce kowa ya tuna ruwan Dam ɗin Tiga, ko rumbun gidansu. Ka zana shi da sanyin safiya, sannan ka zana shi dab da magariba. Sharaɗi ɗaya: ban da layin gefe, inuwa da haske kawai. Nan take za ka ji ƙorafi, "Malam ai ba zai fito ba." Sai ya fito.

6/ Sai bayan nan nake ba su labarin. A 1839 aka bayyana wa duniya na'urar ɗaukar hoto a Faransa. A 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙago bututun fenti na ƙarfe da ake matsawa kamar man goge baki. Abubuwa biyun nan suka haɗu: kyamara ta fara ƙwace aikin kwaikwayon fuska, fenti kuma ya zama abin sawa a jaka a fita da shi daji. Matasan masu zane suka bar ɗaki, suka koma bin haske a bakin kogi.

7/ Hukumar baje kolin zane ta Paris ta yi ta mayar musu da aikinsu, sai a 1874 suka yi nasu bajen. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya kalli zanen fitowar rana na Claude Monet ya yi masa ba'a, cewa wannan ai burbushin gani ne kawai, ba a gama ba. Daga ba'ar nan sunan Impireshanizim ya fito. Suna na tsokana, suka karɓa suka rataya.

8/ Abin da ke burge yaran Tudun Wada shi ne jin cewa Monet ya shafe 1890 zuwa 1891 yana zana tarin damin hatsi na gonar maƙwabcinsa, fiye da sau ashirin, don kawai hasken na canzawa. Dami dai, irin wanda suke ɗauka da kaka.

9/ Na ɗige-ɗige ya fi kowanne sauƙi. Ka zana mangwaro ba tare da jan layi ko ɗaya ba, ɗigo kawai, da biro shuɗi da ja. A liƙa a allo, a koma ƙarshen aji a kalla, sai launukan su gauraya a ido. Georges Seurat ke nan, wanda ya kwashe shekara biyu, 1884 zuwa 1886, kan zane guda na masu shan iska a wani tsibiri na kogin Seine. Yaran da ke ɗinkin hula a gida su suka fi saurin ganewa, don aikinsu ke nan kullum.

10/ Sai buta. In ajiye buta a tebur, in ce a zana ta daga gaba, daga sama, daga gefe, amma duka a hoto ɗaya, a jikin juna. Abin da ke fitowa kamar an taka ta da mota. Wannan shi ne Kiyubizim na Pablo Picasso da Georges Braque, daga wajejen 1907 zuwa 1914.

11/ A nan nake ɗan tsayawa, don akwai magana. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadéro a Paris, inda aka jibge sassaƙe-sassaƙen da mulkin mallaka ya kwaso daga Afirka. Abin da ya gani ya shiga aikinsa, kowa na iya gani a fuskokin da ya zana a shekarar. Littattafai suka riƙe sunan Picasso. Masassaƙan da ya kalli aikinsu kuwa, ko sunan ɗaya ba a rubuta a jikin kayan ba. Ina so yaro ya ji wannan tun yana aji biyu.

12/ Akwai kuma wasan ninke takarda na 'yan Suriyalizim, da suka fara a Paris wajen 1925: kowa ya zana yanki, ya ninke, ya miƙa wa na kusa ba tare da ya ga na baya ba. Mu da gida ko bishiya muke yi. Surutu ya fi yawa, amma ba laifi.

13/ Na san tambayar da ke zuwa, don iyaye ma suna yi mini ita: zanen abu mai rai fa? Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ba kuma na jayayya da uban yaro a kan tarbiyyar ɗansa. Amma ku duba duk abin da na lissafo: ruwa, rumbu, mangwaro, buta. Ana iya ratsa tarihin nan kaf ba a zana fuska ba. Kuma idan aka zo zanen da ba ya kwaikwayon komai, mu ne 'yan gida.

14/ Turai sai wajen 1910 ta fara yarda cewa layi da launi kaɗai sun isa zama zane, lokacin su Kandinsky. Kazimir Malevich ya baje baƙin murabba'i a kan farin ƙyalle a 1915, aka yi ta cece-kuce. A lokacin nan alaramma a Kano ya daɗe yana zayyana allon sauka, maɗinki ya daɗe yana aska takwas a babbar riga, dukawa na yi a fata, mata na yi a ƙwarya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, ku je ku ɗaga kai ku kalli bakan gizon rufin da adon jikin ginshiƙan.

15/ Kuma kar a ɗauka zanen bango namu abu ne da ya tsaya cak. A tsakiyar ƙarni na 20, da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo, maginan Zariya da Kano suka cika fuskar gidaje da ado, har suna saka keke da agogo da jirgin sama a tsakanin dagi. Wannan ma sabon salo ne, da lokacinsa da dalilinsa, daidai da na Paris. Bambancin kawai ba a ba shi suna mai "izim" a ƙarshe ba, don haka ba ya fitowa a jarrabawa.

16/ Me ya sa? Sai mun koma yadda darasin zane ya shigo Najeriya. A Legas, Aina Onabolu ya koya wa kansa zanen fuska irin na Turawa, don ƙaryata masu cewa baƙar fata ba zai iya ba. Ya je Landan da Paris a 1920, ya dawo 1922, ya matsa wa gwamnati a sa zane a makarantu. A 1927 aka kawo Kenneth Murray, wanda shi kuma ya dinga ce wa ɗalibansa su zana rayuwar garinsu. Cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu, wanda aka sayar da zanensa mai suna Tutu a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2.

17/ A Arewa hanyar daban ce. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a Kano a 1909 tana da sashen sana'ar hannu, su aikin fata da ƙira da kafinta. Tun daga nan aka raba gari: abin da Bahaushe ke yi sana'a ce, abin da Bature ke yi da buroshi shi ne fasaha. A ganina rabon nan ne har yau yake bin mu cikin aji.

18/ Yanzu ga inda nake so mu iso. Daga Kwanar Dangora ka hau titin Zariya, ba ka yi awa biyu ba ka isa Samaru. A 1955 aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman yawanci 'yan Ingila ne, koyarwar ma irin ta Ingila ce, fasahar Afirka ba ta da wani gurbi a manhaja.

19/ A 1958, saura shekara biyu a samu 'yancin kai, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiya mai suna Zaria Art Society. Akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke, Oseloka Osadebe da wasu. Daga baya aka laƙaba musu 'Yan Tawayen Zariya. Samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu, sa'annin da yawa daga cikin masu karanta wannan zaren.

20/ Tawayen nasu ba na fasa taga ba ne. A aji suna yin aikin da aka ba su, su ci jarrabawa. Da yamma su haɗu su tattauna, da hutu kowa ya koma garinsu ya binciko abin da kakanninsa ke yi. A 1960 Uche Okeke ya ba wa manufar suna, Natural Synthesis, ma'ana a ɗauki dabarar da aka koya a wurin Bature a haɗa da gadon gida, a fitar da abin da ba na Landan ba, ba kuma kwafin na kaka ba.

21/ Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, shekara uku kacal. Amma ku ga abin da ya biyo baya. Okeke, wanda ya taso a Kafanchan, ya koyi uli a wurin mahaifiyarsa, wato zanen jiki da na bango na matan Ibo, ya kai shi Jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, ya zama makaranta guda. Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya riƙe sashen zane na Kwalejin Yaba shekaru da dama, ana gane aikinsa da shuɗin launi kamar an tsamo daga karofi. Nwoko ya koma gini da kayan gida, har aka ba shi lambar Zinariyar Zaki a Venice a 2023.

22/ Abin da ke ci mini rai: a Zariya aka yi wannan, cikin gidajen da aka yi wa ado tun daga zaure har zanko, amma ba Bahaushe ko ɗaya a cikin sunayen da aka sani. Abokin karatunsu Jimo Akolo, ɗan yankin Kabba, shi ya zana makaɗan Hausa, ya kuma ɗauki adon bangonmu ya sa a aikinsa. Ba laifinsu ba ne, 'ya'yanmu ne ba su cikin ajin. Ibo sun samu wanda ya ɗauki uli ya kai jami'a. Zayyana da dagi har yanzu sun fi yawa a tambarin ƙungiyoyi da katin biki.

23/ Shi ya sa ɗumama hannun da na fi ba wa muhimmanci shi ne na Zariya, kuma shi kaɗai ke da aikin gida. In ce kowa ya zo da ado ɗaya daga gidansu, a kwafe a takarda: na hular baba, na lallen yaya, na ƙwaryar kaka, na bangon wani tsohon zaure idan bai riga ya sha siminti ba. Washegari, minti biyar, ka zana abin zamani da adon nan kaɗai. Waya, babur, injin casar shinkafa.

24/ Ajin yara sama da saba'in ne, fenti babu, kwali babu. Jar ƙasa da gawayi da farar ƙasa da ɗan shuni su ne launukanmu, kuma sun isa. Hotunan su Monet a wayata nake nunawa, tana zagayawa layi-layi.

25/ Yaran da suka fito daga wajen Doguwa sukan kawo adon ƙwaryar Fulanin gefen dajin Falgore, wanda ya bambanta da na cikin gari: layukan sun fi siriri, kusurwa ta fi yawa. Wata yarinya ta zana Keke Napep da adon lalle tun daga rufi har taya. Da na tambaye ta wane salo ne wannan a cikin waɗanda muka yi, ta ce ba na kowa ba ne, na yayarta ne, ita ce mai yi wa amare ƙunshi a unguwarsu.

26/ Zango mai zuwa zanen dutse za mu taɓa, irin shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu a Jigawa. Wanda ke da hoton tsohon bango mai ado daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Riruwai, don Allah ya ajiye mini a ƙasa, da sunan garin da na maginin idan an sani.