SHAGON WANE NE? Daga Mahautan Kano Zuwa Kocin TikTok

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta shigo mana ba sallama, wato sana'ar koci. Kocin ƙwallo dai mun saba da shi. Wannan kocin gina jiki ne, da kocin rage tumbi, har da mai kiran kansa kocin rayuwa, wai shi zai koya maka yadda za ka tashi da asuba ka zama attajiri. Buɗe TikTok ka gani: yaro ya tuɓe riga, ya shafe jiki da mai, ya murɗa ƙwanji, a ƙasa ga lambar waya, a turo kuɗin rajista. Kuma abin bai tsaya a cikin birni ba. Daga Dawanau zuwa Tumfafi har cikin Dawaki za ka tarar da kango ko bayan makaranta inda samari suka cika gwangwani biyu da siminti, suka soka ƙarfe a tsakiya, ana ta ɗagawa bayan la'asar. Ni ban ga laifin wannan ba, ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane. Tambayata ɗaya ce, kuma tsohuwar tambaya ce a ƙasar Hausa: shi wannan kocin yaron wa ne? Wa ya koya masa?

Mu fara daga baya. Sha'awar ƙato ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ma da ƙato ya buɗe, wato Barbushe na Dala, wanda aka ce yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Wannan a bar shi a matsayin abin da aka ce. Wanda ya gani da ido ya rubuta shi ne Baturen nan Hugh Clapperton, da ya iso Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, sai ya aika baransa da tayin wuri 2,000 a zo a yi a ƙofar masaukinsa. Amma ya kafa sharaɗi: kada a yi da gaske, don an gaya masa in aka sa zare da gaske da wuya a tashi ba gawa. 'Yan damben suka zo da makaɗa biyu, da ilahirin mahautan gari a bayansu. Ya ba da labarin yadda ake naɗe hannu da ƙyallen saƙi, da yadda 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka bar kayansu, kowa ya garzayo kallo.

Ku lura da waɗanda suka rako su: mahauta. Shekara 200 ke nan, kuma har kwanan baya in ka ce ɗan dambe, to kusan ka ce ɗan mahauta ne. Dalilin bai da wuyar ganewa. Mutumin da kullum shi ne kayar da sa, shi ne fiɗa, shi ne sara da gatari, shi ne saɓa cinya a kafaɗa, kuma nama ba ya yanke masa, ai ba ya bukatar wani gidan motsa jiki. Sana'ar ce ta gina shi. Haka ɗan kokawa, garma da fartanya ne suka yi masa ƙirji, shi ya sa kokawa take wasan kaka. An yi girbi, an ƙoshi, akwai farin wata, sai a fito dandali a ga ƙauyen da ya fi. Mahauta su ma kakar suke bi gari-gari, ana yanka ana biki, da yamma a kafa da'ira a buga kalangu.

To ga inda nake so mu daɗe. Je ka gidan dambe na Ado Bayero Square a Sabon Gari, ko na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ka kasa kunne ka ji yadda ake kiran sunaye: Shagon Ɗan Digiri, Garkuwan Cindo, Autan Sikido, Bahagon Sanin Kurna, Ali Ƙanin Bello. Kusan kowane suna mutum biyu ne a cikinsa. Akwai wanda ke tsaye a fili da zare a hannu, akwai kuma wanda ya tsaya masa, maigida ko yaya. Bahago yana gaya maka da hagu yake kisa, auta yana gaya maka matsayinsa a cikin yaran gidan, sauran sunan kuma yana gaya maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa in yaron ya yi abin kunya. Bayan wannan ga ɓangare, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramaɗa. Wallahi babu wata takardar shaida da ta kai wannan tsauri, domin ita takarda a aljihu take, shi kuwa wannan sunan a bainar jama'a ake kiransa kullum.

Kuma maigidan nan ba ado ba ne. Shi ke ɗaura wa yaro zare. Shi ke duban abokin karo ya ce a'a, wannan ya fi ƙarfinka, bari sai baɗi. Shi ya san ranar da hannu ya yi tsami, shi ke ciyarwa in an je baƙon gari, shi ke neman mai ɗori in an samu karaya. In aka kashe yaronsa a turmin farko, kunyar tasu ce su biyu. Saboda haka ba zai tura shi ya hallaka a banza ba, ko don kare sunan kansa.

Sai makaɗi, wanda shi ne gidan rediyon wancan zamani. Yau wa zai san Shago in ba don Muhammadu Bawa Ɗan Anace ba, Allah Ya jiƙansu? Yaran da aka haifa bayan an daina ganin Shago a fili sun san shi, sun san Ɗandunawa, duk daga bakin mutum ɗaya. Har sunan Shago ya zama muƙamin da kowane maigida ke ba babban yaronsa. Amma shi ma makaɗin ba ya wasa wanda bai yi kisa a gaban mutane ba. Ba a sayen wannan da kuɗin data.

Kada wani ya ce na mayar da jiya aljanna. Tsarin nan ya ci mutane. An yi tsaga a hannu an shafa abin da ba a san ko mene ne ba, an dogara da laya da kambu inda ya kamata a ga likita, an zubar da haƙora, an tsiyayar da idanu. Kuɗin kuwa na liƙi ne, yau a yayyafa maka, gobe ka nemi na mota. Da yawa in suka ajiye zare sai su koma kan teburin nama, in ma akwai sauran ƙarfin komawa. Ko yanzu da ake sa mota da babur a gasa, mutum ɗaya ke tafiya da makullin, sauran su tafi da kumburi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan fi mu dabara ta wannan fuskar. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnati ta mayar da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Jihohi suna da ayarinsu da masu horar da su, kuma wanda ya ci takobi, irin su Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauka har sau shida, ƙasa ce gaba ɗaya ta san da zamansa. Mu a nan har yau abin ya fi dogara da masu gidajen dambe da 'yan kallo.

Yanzu bari mu leƙa inda ɗaga ƙarfen zamani ya fito, don yaranmu suna zaton can daga sama mutane ke faɗowa da ƙwanji. Wanda ake kira uban wannan harka shi ne Eugen Sandow, haifaffen 1867 a ƙasar Jamus ta lokacin. Ɗan wasan nuna ƙarfi ne mai yawo gari-gari, kusan irin gardawanmu, har sai da wani da ake kira Farfesa Attila ya ɗauke shi ya horar da shi. Da a nan ne, Shagon Attila za a ce masa. A 1901 ya shirya babbar gasar nuna jiki a Landan, kuma har yau ɗan gunkin da ake ba wanda ya ci gasar Mr. Olympia siffarsa ce. Ronnie Coleman, wanda ya ci wannan gasa sau takwas a jere daga 1998 zuwa 2005, ɗan sanda ne a jihar Texas ta Amurka. Wani mai gidan motsa jiki, Brian Dobson, ya ce masa zo ka riƙa yi kyauta in dai za ka bari in horar da kai. Big Ramy na Masar, zakaran 2020 da 2021, masunci ne ɗan masunta, neman abinci ya kai shi Kuwait. Samson Dauda da ya ci a 2024 kuwa a Legas aka haife shi kafin ya koma Ingila. Ka ga dai, 'ya'yan talakawa ne masu aikin ƙarfi, kuma kowannensu akwai hannun da ya riƙe shi.

Sai dai Sandow ya gano wani abu da Shago bai taɓa ganowa ba: kuɗin ba a fili yake ba, yana aljihun mai kallon da ke son ya zama kamarka. Ya buɗe makarantar motsa jiki, ya fitar da mujalla, ya sayar da kayan atisaye, har da garin koko mai sunansa. Daga nan sana'ar ta rabu biyu, mai ƙarfi daban, mai sayar da alkawarin ƙarfi daban. Shi kocin rayuwa ma jikan wannan ne. Thomas Leonard, wanda ya kafa babbar ƙungiyarsu a Amurka a 1995, asalinsa mai ba da shawarar kuɗi ne. Mu da can wannan aikin na kawu ne da gwaggo da malamin zaure, mutanen da in shawararsu ta ɓaci a gabansu za ka zauna.

Matsalar mai sayar da alkawari ita ce ba lallai ya gaya maka abin da ya sha ba. Arnold Schwarzenegger da bakinsa ya ce ya yi amfani da magungunan kumbura tsoka a zamanin da yake gasa. Wani Ba'amurke da ake kira Liver King ya tara miliyoyin mabiya yana rantsuwa ɗanyar hanta ce kawai ta yi masa jiki, yana sayar da ƙwayoyinsa, sai a ƙarshen 2022 asiri ya tonu, ya fito ya amsa cewa allura yake yi. Coleman kuwa, bayan tiyata fiye da goma a baya da ƙugu, tafiya ma sai da sanda ko keken guragu. Waɗannan fa masu kuɗi ne, da likitoci a kansu. To ina ga yaron Kwa ko Danguguwa da wani koci ya ce wa je ka kyamis ka sayi sha-ka-fashe, ka haɗa da taramol don kada ka ji gajiya? Mu da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yake a ƙaramar hukumarmu bai kamata a yi mana dogon bayani kan inda ƙwaya ke kai matashi ba. Kuma in ƙoda ta tsaya, kocin ya canza lamba, babu sunansa a jikin sunan yaron.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ƙarfin da ake nema a waya yana nan a ƙofar gidanmu ana wulaƙanta shi. Shiga kasuwar Dawanau lokacin da ake lodin riɗi ko masara. Ɗan dako zai saɓa buhu mai kilo 100, ya hau katako siriri zuwa bayan tirela, ya sauko ya ɗauki wani, tun safe har rana ta faɗi, a kan ƙosai da koko da garau-garau. A kawo mini kocin TikTok ɗaya da zai jera da shi awa biyu. Amma shi ɗan dakon kunyar sana'arsa yake ji, shi ne ma zai cire daga ɗan abin da ya samu ya tura wa mai shafa mai. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa yadda zai ɗaga ba tare da ya kashe bayansa kafin ya kai arba'in ba. Masu wannan ilimin kuwa akwai su. Jami'ar Bayero tana yaye ɗalibai a fannin motsa jiki da lafiya duk shekara, ga kuma cibiyar horar da kociyoyi ta ƙasa a Legas. Da yawansu suna nan suna jiran aikin koyarwa da bai zo ba, alhali dubban majiya ƙarfi na Dawanau ba su taɓa jin kalma ɗaya daga bakinsu ba. Shugabannin kasuwa da na ƙaramar hukuma, haɗa waɗannan biyun bai kai kuɗin rumfar taro ɗaya ba.

Ni dai duk wanda ya ce mini shi koci ne, zan tambaye shi a wajen wa ya koya, shekara nawa ya yi a hannunsa, kuma ina yaran da ya horar shekara biyar da suka wuce, in gan su da ƙafafunsu. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, akwai su kuma, har da waɗanda suka fara da gwangwanin siminti.

Sannan ina da roƙo. Tsofaffin 'yan kokawa da 'yan damben ƙasar Dawakin Tofa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma da su salsalar take tafiya. Wanda ke da irin wannan dattijo a garinsu, don Allah ya je ya gaishe shi kafin kakar bana, ya kunna waya, ya tambaye shi wa ya fara ɗaura masa zare, shi kuma wancan yaron wa ne.